Daga Tafoki Zuwa Samaru: Darasin Audugar Daudawa

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe, Tsangayar Aikin Gona, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Gabatarwa

Ranar da na miƙa kundin bincikena na kammala digiri, sai na biyo ta gefen gonakin gwaji na Samaru, ina tafe ina kallon kunyoyin nan da aka jera kamar da zare aka ja su, kowane fili da allonsa da lambarsa. Nan take gonar mahaifina ta faɗo mini a rai, can Tafoki cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, inda dawa da gero da wake da kuɓewa da yakuwa suke cuɗe wuri guda, ba allo ba lamba.

Lokacin da na shigo jami'a na ɗauka aikin da ke gabana shi ne in koyo yadda za a mai da gonar Baba irin ta Samaru. Yau da nake shirin fita, tambayar da ke raina ta sake. Me ya sa Baba yake noma yadda yake yi? Me kuma ya kamata hukuma ta sani kafin ta ce masa ya sauya? Waɗannan tambayoyi su ne ginshiƙin fannin da ake kira tsara manufofin raya karkara, watau aikin da na ƙudura niyyar yi bayan na gama bautar ƙasa, in Allah ya yarda. Na rubuta wannan maƙala domin ƙannena ɗaliban sakandare da malamansu, musamman na yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, su ga yadda na iso ga wannan shawara.

Gwajina na farko

A shekarar 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya rufe azuzuwa har tsawon wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka damina ta same ni a gida. A lokacin kaina cike yake da abin da na karanta, ina ganin kowa a ƙauye kuskure yake yi. Wata rana da dare bayan sallar lisha na durƙusa gaban mahaifina na ce, "Baba, da za ku yarda, bana a daina cakuɗa shuka. A yi masara zalla, a jera ta, a ba ta cikakken taki, za ku ga bambanci."

Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "To, malamin gona, ga gayaunar bayan gari nan, na ba ka. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ga lissafin da na shiga gona da shi. Shawarar da aka saba ba manomin masara a irin ƙasarmu ita ce kowace hekta ta sami kimanin kilo 120 na sinadarin naitirojin, da kilo 60 na fosfet, da kilo 60 na fotash. Buhun takin NPK 15-15-15 mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun, saboda haka ana bukatar buhu 8 domin a sami kilo 60 na kowanne. Ragowar kilo 60 na naitirojin kuwa daga yuriya za a same shi. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, watau kilo 23 a kowane buhu, don haka sai an ƙara kusan buhu 3. Jimla buhu 11 ke nan ga hekta guda.

Lissafin daidai yake, har yau ban ga kuskure a cikinsa ba. Abin da ban saka ba shi ne a wannan shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, kuɗin da ke hannuna kuwa bai sayi ko sulusin abin da nake bukata ba. Ban kuma saka cewa makon da masarata take neman noman fari shi ne makon da kowa a gidanmu yake duƙe a gandu, 'yan ƙwadago kuma sun yi tsada domin kowa nemansu yake. Ciyawa ta riga ni, ganyen masara ya yi rawaya. Da kaka ta yi, abin da na kwasa bai taka kara ya karya ba, alhali gonar Baba ta ba da gero tun da wuri muka ci, dawa ta biyo baya, wake ya zo daga ƙarshe, ga harawa an ɗaure wa awaki. Baba bai ce mini kome ba. Shirun nan ya fi faɗa zafi.

Ashe an riga ni

Da muka koma makaranta na ba wani malaminmu na tattalin arzikin noma labari. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kuskuren da ka yi manya sun riga ka yin sa, kuma a ƙasarku suka yi shi. Je ka laburare ka nemi abin da aka rubuta a kan audugar Daudawa."

Tashar binciken noma ta Samaru an kafa ta tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona. Shekara da shekaru masanan cibiyar suna ba manoman auduga shawara iri ɗaya: a shuka ta ita kaɗai, a shuka da wuri wajen tsakiyar watan Yuni, a sa taki, a yi feshin maganin ƙwari sau da dama. A gonakin gwaji wannan hanya tana ba da amfani mai yawa ƙwarai. Amma manoma sun ƙi bi. Sai cikin Yuli suke shuka audugarsu, galibi kuma ba sa feshi. Da yawa daga cikin ma'aikata suka yanke hukunci cewa taurin kai ne da jahilci.

Wani masanin tattalin arzikin noma ɗan ƙasar Ingila mai suna David Norman, wanda ya yi aiki a Samaru daga 1965 zuwa 1976, shi da abokan aikinsa suka bi wata hanya dabam. A 1966 da 1967 suka sa masu tattara bayanai suka zauna a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗanmahawayi na ƙasar Zazzau, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi, wa ya yi shi, a wace gona, kuma awa nawa ya ɗauka. A farkon shekarun 1970 kuma aka kai irin wannan bincike yankin Daudawa, maƙwabtanmu a ƙasar Faskari, inda tun zamanin Turawa akwai gonar yaɗa irin auduga. A can aka gwada sababbin hanyoyin noman auduga da dawa da masara a gonakin manoma, su da kansu suke yin aikin.

Abin da aka gano mai sauƙi ne, amma ya girgiza tunanin masana. Abin da ya fi ƙaranci ga manomin wancan zamani ba ƙasa ba ce, hannuwan aiki ne a watannin Yuni da Yuli. A waɗannan makonni ake shuka, a yi noman fari, a shiga maimai. Duk magidancin da ya bar dawarsa cikin ciyawa ya tafi shuka auduga, ya sayar da abincin iyalinsa ne domin kuɗin da ba zai gani ba sai bayan kaka. Saboda haka yake fara gamawa da hatsi, sa'an nan ya waiwayi auduga. Feshin ma haka: na'urar da ake goyawa a baya tana cin ruwa mai yawa, wanda sai an ɗauko shi a ka daga rafi ko rijiya zuwa gona. Masana suna auna amfanin da hekta take bayarwa, manomi kuwa yana auna abin da yinin aikinsa zai jawo masa a lokacin da aiki ya yi masa katutu. Kowa lissafi yake yi, ma'aunin ne ya bambanta. Da aka fahimci haka sai aka fara neman gyara ta fuskar manomi, alal misali aka kawo ƙaramar na'urar feshi mai aiki da batir wadda ba ta bukatar ruwa mai yawa. Irin wannan aiki na cikin tushen fannin da aka sani a duniya yau da binciken tsarin noma, wanda yake duban gida da gona da dabba da kasuwa a matsayin abu guda.

Kimiyyar da ke cikin cakuɗa shuka

Binciken na Samaru ya kuma nuna cewa cakuɗa shuka, wadda ake yi wa kallon ci baya, tana da hujja. Akwai wani ɗan lissafi da malamai za su iya yi da ɗalibai a aji. A ƙaddara hekta guda ta dawa zalla tana ba da buhu 10, hekta guda ta wake zalla tana ba da buhu 6. Da aka haɗa su a hekta ɗaya sai aka sami dawa buhu 7, wake buhu 3. Dawar ta ba da 7 cikin 10, watau 0.7, waken ya ba da 3 cikin 6, watau 0.5. In an haɗa an sami 1.2. Ma'ana, da a rarrabe aka shuka su, sai an nome hekta 1.2 kafin a sami abin da hekta guda ta bayar a cakuɗe. Duk lokacin da jimlar ta haura 1, cakuɗawa ta yi riba.

Dalilan kuwa suna nan a fili. Tsirran ba sa neman haske da ruwa da abinci a lokaci guda: gero yana saurin nuna a cire shi, dawa ta sami sarari, wake kuma ya yaɗu a ƙasa ya danne ciyawa ya kuma rage bushewar ƙasa. Bugu da ƙari, kimanin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma hatsi ba ya iya amfani da ita kai tsaye. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa suna da wasu ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna mai da naitirojin ta iska abincin tsiro. Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne amfanin da za a shuka a wurin baɗi. Har ila yau wasu ire-iren waken suya suna yaudarar ƙwayar wuta-wuta, wadda kan yi fiye da shekara goma a kwance cikin ƙasa: sukan sa ta tsiro, ta rasa saiwar da za ta kama, ta mutu. Daga ƙarshe akwai batun tsaron ciki. In ruwa ya ɗauke da wuri ko ƙwari suka faɗa wa iri ɗaya, da wuya su gama da duka.

Shirin Funtuwa

Darasi na biyu shi ma a ƙasarmu aka koye shi. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, sauran biyun su ne na Gusau da na Gwambe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An fasa hanyoyin karkara, an gina ƙananan madatsun ruwa, an buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da manoma, an kuma ƙara yawan malaman gona.

Masu tsara shirin sun sa rai ƙwarai a kan auduga. Amma masara ce ta yi fice. Kafin lokacin masara abar bayan gida ce, ana shuka ta inda ake zubar da toka da juji, a gasa a ci ɗanya. Da aka sami ingantaccen iri mai suna TZB daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ga taki mai rahusa saboda tallafin gwamnati, ga hanyar da mota za ta shigo ta kwashi kaya zuwa kasuwanni irin na Ɗandume da Funtuwa, sai manoman nan da ake ce wa masu taurin kai suka rungumi masara ba tare da an roƙe su ba. Wanda ya ƙi shuka auduga a Yuni shi ne ya karɓi masara hannu bibbiyu, domin wannan karon lissafin ya fita.

Sai dai shirin bai rasa masu suka ba. Manazarta da dama sun nuna cewa manyan manoma, masu shanun huɗa da masu hanya a wurin hukuma, sun fi ƙananan cin moriyarsa. Sa'an nan masara ta ɗaure manomi ga takin zamani, ta yadda duk lokacin da aka janye tallafi ko darajar naira ta faɗi, shi ne yake fara ji a jikinsa. Auduga kuwa ta ƙara shiga wani hali bayan da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, daga baya kuma masaƙu da dama na Kaduna da Kano suka rufe cikin shekarun 2000.

Shirye-shirye sun zo sun wuce: na ciyar da ƙasa a zamanin Janar Obasanjo a 1976, na juyin noma a zamanin Shugaba Shehu Shagari a 1980, hukumar DFRRI ta raya karkara a zamanin Janar Babangida a 1986, rabon taki ta wayar salula a 2012, da rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015. A Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, hukumar KTARDA ce ta gaji aikin malaman gona. Wanda ya karanta tarihin waɗannan duka zai ga abu guda yana maimaituwa: inda shiri ya dace da lokacin manomi da aljihunsa da kasuwarsa, yakan kama, inda bai dace ba, sai dai a bar allon sanarwa a bakin hanya yana tsatsa.

Abin da ya fi taki tsada a yau

A zamanin Norman abin da ya yi ƙaranci shi ne hannuwan aiki. A zamaninmu, a yankinmu, abin da ya fi ƙaranci shi ne kwanciyar hankali. Ba wanda zai manta da daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, waɗanda aka sako ranar 17 ga watan. A 2021 kuma, domin daƙile ɓarayin daji, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci, an kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da namu uku.

Ɗalibin kimiyya ya kamata ya iya bin sawun irin wannan masifa har cikin ƙasar gona. Na gani da idona a garinmu. Mutum yakan sayar da shanun huɗarsa domin kada su jawo masa ɓarayi. Rashin shanu ya sa huɗa ta koma hannu, filin da ake nomawa ya ragu, takin gargajiya ya yi ƙaranci. Gonakin nesa an bar su, kowa ya dawo na kusa da gari, ana nomansu shekara bayan shekara ba hutu, ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta samu wurin zama. Malamin gona yana tsoron shiga ƙauye, ɗan kasuwa yana tsoron shigo da mota, saboda haka taki yakan iso da tsada, hatsi kuma ya fita da araha. Duk wanda ya zauna a ofis ya tsara rabon iri da taki bai saka wannan sarƙa a lissafinsa ba, ya maimaita kuskurena na 2022, sai dai shi da dukiyar jama'a ya yi nasa.

Mene ne aikin mai tsara manufa?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin rubuta jawabi ne. A gaskiya aikin awo ne da saurare. Mai wannan aiki yakan shiga ƙauye ya tattara bayanai, ya tantance su da ilmin ƙididdiga, ya gano ainihin abin da ya tare wa mutane gaba, ya kwatanta hanyoyin magance shi da abin da kowace za ta ci, ya kai wa masu yanke shawara cikin harshen da za su gane, sa'an nan ya koma bayan shekara ya auna ko an sami canji. Wani lokaci amsar ba ta cikin gona sam. Tana iya zama kwalbati guda da zai sa mota ta shiga gari da damina, ko rumbun ajiya da zai hana manomi karyar da hatsinsa da kaka, ko ƙaramin jari ga matan da suke sarrafa gyaɗa da waken suya a cikin gida, waɗanda sau da yawa ba a ma ƙirga su cikin manoma.

Ana yin wannan aiki a ma'aikatun gona na jihohi da na tarayya, da sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, da cibiyoyin bincike irin na Samaru, da ƙungiyoyin manoma. Ba aikin tara dukiya ba ne, kuma sau da yawa mutum zai kai shawara a ajiye ta a aljihun tebur. Abokaina da dama sun nufi banki ko kasuwanci, ban kuma ga laifinsu ba. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a birnin Maputo cewa kowace ƙasa za ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma. Ko an cika alkawarin ko ba a cika ba, wani ne zai zauna ya tsara inda kowace naira za ta tafi. In babu ɗan Tafoki ko ɗan Sabuwa a ɗakin, wa zai ce musu gonar da suke lissafi a kanta an yi damina uku ba a taka ta ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shawara ga ɗalibai da malamai

Ƙannena, wanda yake sha'awar wannan fanni ya riƙe lissafi da kemistiri da bayoloji da kimiyyar noma da Ingilishi da kyau, domin su ne mabuɗin shiga. Digirin aikin gona shekara biyar ne, shekara ta huɗu kuma a gona ake yin ta, fartanya a hannu. Kada kuma ku raina Hausarku, domin da ita za ku yi hira da manomi, wanda ya iya tambaya cikin ladabi kuwa shi ake gaya wa gaskiya.

Ga malamanmu kuma ina roƙon a gwada wani aiki da ba ya bukatar ɗakin gwaji. A sa kowane ɗalibi ya ware littafi guda, daga ruwan shuka har zuwa girbi, ya riƙa rubuta aikin da aka yi a gonar gidansu kowace rana: wane aiki, mutum nawa, awa nawa, da kuɗin da aka kashe. Da kaka a haɗa na ajin duka a zana jadawali a allo. Ɗaliban za su ga da idonsu makonnin da aiki yake cunkushewa, su kuma gane dalilin da ya sa iyayensu suke yin abin da suke yi. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi a Hanwa da Doka da Ɗanmahawayi.

Kammalawa

Da na je gida hutun da ya wuce, na gaya wa Baba abin da na yanke. Ya tambaye ni, "Watau kai ma ofis za ka shiga ka riƙa aiko mana da takarda?" Na ce, "A'a Baba, zuwa zan riƙa yi ina tambayarku kafin a rubuta takardar." Ya ce, "To, Allah ya yi albarka. In ka tashi zuwa, ka zo cikin Yuli, ka kuma taho da fartanyarka."

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.